Nomau Ɗan Dambe da Awakin Innarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani saurayi ne wai shi Nomau. Shekara bakwai yana koyon dambe wurin Baba Cindo, sarkin damben garinsu. Kai, yaron nan ya iya! In ya ɗaure hannun dama da zare, aka buga masa kalangu, ba mai kai turmi na biyu, wato zagaye na biyu, a gabansa.

Innarsa kuwa tsohuwa ce, duk abin da ta mallaka a duniya awaki uku ne. Sai rijiyar gari ta ƙafe, dole a riƙa kai dabbobi rafi ta cikin kurmi. A kurmin kuma akwai wani ɓarawo.

Inna ta ce, "Nomau, bi ayarin mutane."

Ya ce, "Haba Inna, ni? Ayari ne zai bi ni."

Sai ya kora awaki shi kaɗai da hantsi. Sai ga wani siririn mutum da gora, kamar iska za ta ɗauke shi. Ya kama igiyar akuya ɗaya.

Nomau ya yi dariya, ya ce, "Dakata in ɗaure hannu."

Mutumin ya ce, "Ɗaura, ina jira."

Sai Nomau ya sunkuya yana naɗa zare, yana ja da haƙori. Ya ɗago, ba mutum ba akuya. Ya duba gabas, ya duba yamma. Shi dai tun da yake bai taɓa ganin an tafi kafin a fara ba.

Sai ya je wurin Baba Cindo. "Baba, ban gane ba. Ya ce yana jira."

Baba Cindo ya ce, "Sakarai! Ɗauro hannunka daga gida."

Washegari ya ɗauro hannu, ya kora awaki biyu. Sai ga siririn mutum. Nomau ya ware ƙafafu, ya miƙa hagu gaba, ya ja dama baya, yana jira mutumin ya gyara tsayuwa. Mutumin bai gyara komai ba. Ƙasa ya ɗiba ya watsa masa a ido, ya ƙwala masa gora a ƙwauri.

Nomau ya yi ihu, "Kai, ba a haka! Ba a haka!" Yana ta waige wai ko wani zai raba. Wa zai raba a kurmi, biri?

Ya kai hannu zai riƙe igiya, ina! Hannu a dunƙule cikin zare ba ya kama komai. Akuya ta biyu ta tafi.

Ya koma yana ɗingishi. "Baba, ban gane ba. Bai tsaya yadda ake tsayawa ba."

Baba Cindo ya ce, "To kada ka jira shi. Kana ganinsa, kai masa."

Saura akuya ɗaya, mai ciki. Inna ta riƙe igiya tana hawaye, ta ce, "Ɗan nan, ina jin tsoro. Ita ke nan gare ni."

Ya ce, "Inna, yau kam na gane."

Sai ya shiga kurmi. Sai ga siririn mutum. Ko baki bai buɗe ba, Nomau ya kai masa dama a muƙamuƙi. Tim! Mutum ya zube, gora ta yi gefe.

To, ku ji fa. A fagen dambe, in mutum ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, ba a sake taɓa shi. Sai Nomau ya ja da baya. Ya juya, ya ɗaga hannu sama, ya shiga kirari, itatuwa ne 'yan kallo. Ya yi na farko, ya ji daɗi, ya ƙara na biyu.

Shi kuwa ɓarawo ba wanda ya taɓa gaya masa magana ta ƙare. Ya rarrafa, ya saɓi akuya a wuya, ya faɗa duhuwa.

Nomau ya juyo. Ya tsaya baki buɗe, kansa ya ɗaure tam. Da gudu ya isa wurin Baba Cindo.

Baba ya ce, "Ya taɓa ƙasa?"

"Har da ƙeya."

"To ai ka ci."

"To ina akuya?"

Baba Cindo ya sosa kai. Ya sosa gemu. Ya ce, "Wallahi wannan ba a koya mini ba."

Sai Nomau ya tafi gida. Ya tarar da Inna zaune a bakin ƙofa. Ta dubi hannunsa, ta dubi bayansa.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, na kayar da shi. Na rantse na kayar da shi. To wa ya ci?"

Ta ce, "Je ka duba turke."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗo nan. Ku masu tsalle-tsallen dambe a ƙofar gida, ku yi abinku, amma in an ce ku bi ayari ku bi, don ɓarawo bai je wurin Baba Cindo ba.