Hannu Uku, Suna Ɗaya

Ku kife wayoyin nan a ƙasa ku ba ni kunne. Ba labarin dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ya faɗi nasa hukuncin.

A Malumfashi an yi wata mata, Inna Yalwa, matar Malam Sallau tela. 'Ya'yanta uku ne, duk maza: Zayyanu babba, Mudassir na tsakiya, Nafi'u auta. Da yake Zayyanu ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. Shekara talatin da ɗaya tana ce masa "kai wannan," in kuma zancensa ya taso a cikin mutane ta ce "babban." Haka ta tarar ana yi, haka ta riƙe.

Malam Sallau mutum ne mai zafi. Ya so 'ya'yansa su gaji keke, su kuwa hankalinsu yana gidan gem. Kwana tara kafin ya rasu ya tsaya a tsakar gida ya nuna su da yatsa ya ce, "Ku ukun nan, sunanku ba zai taɓa wuce bakin zauren nan ba." Ajali bai ba shi lokacin janye maganar ba. Ta zauna musu a ƙirji, kuma uwarsu ta san ta zauna.

Bayan arba'in suka tura keken ɗinkin kusurwa, suka kafa talabijin da na'urar gem a zauren, suka ajiye ɗan janareta a bayan ƙofa ta cikin gida. Wasan na dambe ne, 'yan tsana suna naushin juna. Amma a cikinsa akwai wani ƙaramin wasa na daban, shi ne ya ci gidan. Ana ajiye buhun yashi a kan dandamali, a ba ka sakan goma ka jibge shi, domin gwargwadon dukan da ya sha, gwargwadon tashinsa. Kafin lokaci ya cika ka ɗauki kulki ka maka masa ɗaya, ya yi sama. Inda ya faɗi a auna. Iyakar wasan ke nan. Ba a ci, ba a sha, ba a sawa a jiki. Sai dai akwai wasu mutane da ke riƙe da jerin waɗanda suka fi kowa nisa a duniya, a intanet. Na saman jerin wani ne can ƙetare, ya kai mita dubu tara da ɗari biyu, shekara shida ba wanda ya girgiza shi.

Wata rana Inna Yalwa ta leƙa zauren ta ga su ukun sun ɗora hannu a kan keken ubansu suna alkawari: sai sun sauke mutumin nan, kuma abin na su uku ne. Ta yi tsaki ta koma. A wurinta zaman banza ne da aka yi wa ado. Abu ɗaya ya sa ta kama bakinta: duk yamma in ta miƙa tuwo, a kwano ɗaya suke ci, suna gardama suna dariya.

Zayyanu shi ne mai dabara. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar injin markaɗe ya ɗauke masa babban yatsa da manuni na hannun dama, don haka ba ya iya riƙe abin latsawa yadda ya kamata. Ido da kai ne nasa. Wata biyar yana kallon bidiyon gwanaye a hankali a hankali, yana rubutu a sauran shafukan littafin awon ubansa, ƙarƙashin wuyan wane da hannun wane. Shi ya gano cewa wani ɗan dambe gajere mai nauyin jiki, wanda kowa ya raina, shi ya fi dacewa. Shi ya gano cewa maimakon naushi, gara a riƙa sakin kulkin a kan buhun ana cafewa kafin ya taɓa ƙasa. Ya tsara latsawa arba'in da ɗaya cikin sakan goman nan, kowace da gurbinta. Da ya ga ƙidaya da baki ba ta kama saurin ba, sai ya jawo keken ubansa ya zauna yana taka shi ba zare ba ƙyalle, ƙarar keken ta zama kiɗan da ake latsawa a kai. Masu wucewa suna leƙe suna cewa, "Telan iska, yaushe rigar za ta fito?" Ya haɗiye maganar, ya ci gaba da takawa. Ba don shi ba, da har yau naushin banza suke yi wa buhun.

Mudassir shi ne mai hannu. Dabara a takarda ba ta taɓa tashin buhu ba. Kuskure ɗaya cikin arba'in da ɗaya, buhun ya zame daga dandamali, a koma farko. Ya gwada fiye da sau dubu shida. Manyan yatsunsa suka kumbura, suka fashe, suka yi kanta, suka sake fashewa. Inna Yalwa ce ke shafa masa man kaɗanya tana faɗa, shi kuma ya miƙa ɗayan hannun. A cikinsu shi kaɗai ne ya riƙe sana'a, yana aikin wuyan riga a shagon wani tela a kasuwa, amma yatsun da suka fashe ba sa riƙe allura. Maigidansa ya yi haƙuri ya gaji ya sallame shi. Da mahaifin yarinyar da yake nema ya ji ya bar aiki don dukan buhun da ma babu shi, sai ya aiko a ce masa ya daina zuwa. Mudassir ya ji saƙon, ya wanke fuska, ya koma zaure ya ce, "Yaya, taka keken." Ba don shi ba, da littafin Zayyanu yana nan a rufe tare da awon matattu.

Nafi'u shi ne mai tsaro. Masu jerin ba sa karɓar maganar baki. Sai bidiyo wanda bai yanke ba, daga dukan farko har faɗuwar buhu. Nafi'u gwani ne shi ma, kaɗan Mudassir ya fi shi, kuma shekarunsa ashirin da uku, yana ganin wata rana zai wuce shi. Duk da haka ya ajiye nasa wasan ya riƙe waya, gwaji bayan gwaji, yana ɗauka yana gogewa.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, bayan la'asar. Babu wuta, man janareta kuma ya kusa ƙarewa. Mudassir ya ce, "Auta, bar wayar nan, motsa hannu kawai zan yi." Nafi'u bai saurare shi ba. Ya jingina ta a taga da rabin bulo, ya kunna. Keke ya kama ƙara. Inna Yalwa tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji ƙarar dukan ƙarshe daban da na kullum, sai kuma zauren ya yi tsit. Buhun da ya sha irin wannan duka yakan yi fiye da minti uku a sama, kuma in talabijin ya mutu kafin ya sauka, babu awo, babu komai.

Nan janareta ya fara tari.

Ta ga Nafi'u ya faɗo ta ƙofa kamar an jefo shi. Ya san in aka karkata janaretan, ɗan ragowar man zai gangara ya riƙe shi. Mariƙin ya daɗe da karyewa, sai ya kama inda hannunsa ya samu, na dama a kan salansar da hayaƙi ke fita, wadda ta yi zafi zau. Inna Yalwa ta ji ƙaurin fata kafin ta gane abin da take gani.

"Sake shi! Don ubanka sake shi!"

"Inna, bai sauka ba."

Ta jefa masa zane, ba shi da hannun karɓa. Ya durƙusa a nan, haƙora a datse, hawaye na zuba, har aka yi ihu a zaure. Mita dubu tara da ɗari takwas da arba'in da ɗaya. Sannan ya saki, janareta ya mutu. A asibiti aka ce yatsu uku za su ƙanƙance, ba za su ƙara miƙewa sosai ba. Wasansa ya ƙare ke nan. Ba don shi ba, da duk duniya ba mai yarda an yi.

Suka aika wa masu jerin hoton lambar, suka ce a rubuta "Gidan Sallau." Amsa ta dawo a gajarce. A turo cikakken bidiyo, a turo bayanin dabarar domin lambar ta yi yawa har ana zargi, kuma a turo sunan mutum ɗaya. Ba gida ba, ba shago ba. Suka ce ba ruwansu da yadda aka raba aikin, gurbin suna ɗaya ne. In Juma'ar sama ta wuce ba su ji komai ba, sun rufe maganar.

Daga nan aka fara. Inna Yalwa tana jin su ta katanga.

Mudassir ya ce, "Wa ya buga? A tambayi talabijin ɗin, wa ya buga?"

Zayyanu ya ce, "Allura ma tana shiga tana fita, amma ba a taɓa ce mata tela ba. Ni na yanka, ni na tsara."

"To da ka ɗinka mana, Yaya, da yatsun naka."

Ba a taɓa yi wa Zayyanu gorin hannunsa a gidan nan ba sai ranar. Ya tashi ya ɗauki littafin awon ya kulle a akwati, ya ce wanda ya iya ya yi musu bayanin da kansa. Nafi'u ya ɗaga hannunsa da ke naɗe da bandeji ya ce, "Ku ci gaba, gwanaye. Naku hannuwan suna nan yadda na same su. Bidiyon kuma yana wayata, wayar tana aljihuna." Mudassir ya rantse in aka sa wani suna ba nasa ba, da bakinsa zai gaya wa masu jerin ƙarya ce, kowa ya rasa.

A ranar ta miƙa tuwo a kwano ɗaya, ya dawo ba a taɓa ba. Washegari kowa ya aiko da nasa kwanon. Ta zuba a uku. Zauren ya rufe, keke ya yi ƙura, masu ce musu 'yan zaman banza suka samu abin faɗi.

Ranar Juma'a da hantsi suka shigo ɗakinta, suka zauna nesa da juna kamar baƙi a gidan makoki. Zayyanu ne ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Inna, mun kasa. Mun yarda duk sunan da kika faɗa da bakinki, shi za a rubuta. Kafin a sauko daga masallaci."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Sunan nan, in an rubuta, har yaushe zai zauna?"

Nafi'u ya ce, "Sai wani ya wuce mu. Da sun ga dabarar za su kwaikwaya. Ƙila wata ɗaya. Ƙila biyu."

"Wata ɗaya," in ji ta. "Hannu uku, saboda wata ɗaya."

Ita ma ta san ba don wata ɗayan suke ba. Maganar ubansu suke so su ƙaryata, kuma ɗaya ne kawai zai fita daga ƙarƙashinta, biyu su zauna a ciki har abada.

Ta dubi babban. Shi ya haifi abin tun daga tushe, shi aka yi wa dariya, shi aka yi wa gorin da ba a mantawa. In shi ne, sai ta buɗe baki ta faɗi sunan da ta ɓoye shekara talatin da ɗaya, a gaban ƙannensa, saboda buhun yashi. In kuma ta tsallake shi, zai tafi da cewa kunya ce ta hana shi haƙƙinsa, kamar yadda ta hana shi jin sunansa a bakin uwarsa tun yana goye.

Ta dubi na tsakiya. Shi ya buga, wannan ba mai musu. Ya bar sana'a, ya rasa aure. Tun yana yaro shi ne wanda ake mantawa, ba shi da girman fari, ba shi da gatan auta. Amma shi ne ya ce a bar wayar, kuma shi ne ya yi gorin.

Ta dubi auta. Har yanzu ƙaurin nan yana hancinta. Sauran biyun sun ba da abin da suke da shi, shi kuwa ya ba da abin da ba zai dawo ba. Amma bai tsara ba, bai buga ba, kuma duk unguwa za ta ce tsohuwa ta bi son zuciya ta zaɓi ɗan lelenta.

In ta ƙi faɗin kowa, maganar Malam Sallau ta tabbata a kan su ukun, wannan karon da hannunta. Ladan ya fara gwada lasifika. Kwano uku suna kife a bakin ƙofa.

To, ga ku ga Inna Yalwa. Kada wanda ya ce mini a raba, an riga an ce gurbin ɗaya ne. Mai dabara, mai hannu, ko wanda ya riƙe wuta: sunan wa za ta kira?