Ciyawar da Baba Ya Hana a Ƙona

Akwai wani manomi da ake wa laƙabi da Na-Sani, domin ba ya bari a kai ƙarshen magana sai ya tare ta da "na sani".

Gonar shinkafa ya gada wurin mahaifinsa, ita ce abincin gidansa na shekara. A gefenta akwai doguwar ciyawa da tsohon bai taɓa yarda a ƙona ba, saboda wata mujiya da ke ciki.

Ba irin ta kogon bishiya ba ce. A ƙasa take sheƙa, cikin duhun ciyawa. Fuskarta fara kamar faranti, ga dogayen ƙafafu. Da magariba sai ta bi saman gonar ƙasa-ƙasa, ko ƙarar fiffike babu, ta faɗa kan ɓera ta sure shi.

Na-Sani ya tsani ganinta. Da zazzaɓi ya kwantar da 'yarsa, ya ce ai mugun idon tsuntsuwar nan ne.

Yayarsa ta ce sauro ne, a kai yarinya asibiti. "Mujiyar nan gadi take maka, ƙanena. Baba ba wawa ba ne."

"Na sani," in ji shi. Ya ɗauki ashana.

Da wuta ta kama ciyawar, mujiyar ta tashi ta kewaya sau biyu, sannan ta koma cikin hayaƙin. Ba ta sake fitowa ba.

Da safe ya same ta a toka, kwance kan 'ya'yanta huɗu. Kewaye da su ƙasusuwan ɓeraye ne tuli guda. Amma girman kai ya sa ya ture su da ƙafa ya wuce.

Yarinya ta warke da maganin asibiti. Shinkafa kuwa tana fara nuna, ɓeraye suka sauka. Ya kafa tarko, ya zuba guba, kajinsa ne suka mutu. Gonar da ke ba da buhu talatin, huɗu ta bayar. Kafin wata uku, sau ɗaya a rana ake ɗora tukunya a gidansa.

Wata magariba yayarsa ta tarar da shi zaune a bakin gona, yana kallon sama.

"Wadda kake jira ba za ta zo ba," ta ce.

Ya sunkuyar da kai. "Na sani."

Darasi: Kada tsoro da girman kai su sa ka rusa abin da ba ka tambayi amfaninsa ba. Wani mai tsare maka abinci, ba ka gane shi sai ka rasa shi. Ku tura wa duk wanda ba ya jin shawara, tun bai ƙyasta ashanarsa ba.