Akwai Magani a Ruwan

Ga ta nan ta iso, ku gyara zama ku karɓe ta. Masu ɓarar gyaɗa ku ci gaba, ai ba da hannu ake saurare ba. Amma ku sani, in na kai ƙarshe sai kun ba ni amsa kafin kowa ya tashi.

A wani gari da ake kira Kukar Masunta an yi wata tsohuwa mai suna Hansai. A bakin tafkin garin aka haife ta, da ruwansa aka yi mata wankan jego, da shi kuma aka wanke mijinta ranar da ya rasu. In ta je biki wani gari aka kawo mata ruwa, sai ta kurɓa ta ajiye, ta ce salam yake, ba ya kashe ƙishi.

'Ya'yanta uku ne suka rayu. Babban shi ne Lawandi, masunci kamar ubansa. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na bakin ruwa". Mai bi masa Barira, wadda boko ya tafi da ita birni har ta shiga cikin masu binciken ruwa a jami'a. Auta kuma Saude, da aka aurar cikin gari, katanga ce kawai tsakaninta da uwar. Ita ke dafa mata, ita ke cika mata randa.

Da can, duk damina kogi yakan tumbatsa, ya shigo tafkin ta gabas ya fita ta yamma, ya bar shi tas. Sai shekaru suka juya. Ruwan sama ya riƙa makara, in ya zo ya zuba a fusace, ya ɗauke da wuri. Ciyawar kachalla ta toshe mafitar tafkin. Can sama kuma manoman shinkafa suka yawaita, suna feshi, in sun gama su wanke tankunansu a ƙoramar da ke gangarowa. Ba da mugunta ba, haka suka ga kowa yana yi. Hansai ta lura inda take wanki tana budurwa yanzu awaki ke kiwo, kwaɗi ma sun rage kuka. Ta ce tsufa ne ya kama tafkin, kamar yadda ya kama ta.

Sai ciwo ya fara taɓa ta: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, hannu yana rawa in ta ɗauki ludayi. Ba ita kaɗai ba ce a garin, amma nata ya fi, don jikin ya tsufa. Aka sha maganin zazzaɓi, aka sha na gargajiya, shiru.

Barira ta zo duba ta, ta kalli uwar, ta kalli randar, ta koma birni. Da ta sake dawowa sai ga ta da abokan aikinta, sun sa safar hannu, suna ɗiban ruwan tafki a 'yan ƙananan kwalabe, suna jerawa a kula mai ƙanƙara. Sun zo da rani, sun zo da bazara, sun zo da ruwa ya faɗi. Barira ta shiga taɓo har gwiwa, matsattsaku suka sha jininta. Ta bi ƙoramar nan da ƙafa har gonakin shinkafa, tana ɗiba tana gaba.

Hansai ta dube ta wata rana, kaca-kaca da laka, ta ce, "Yanzu duk karatun nan a ɗiban ruwa ya ƙare? Ai da kin zauna gida, Saude ma ta iya, kuma ita tulu guda take cikawa."

Barira ta yi dariya ta ce, "Inna, ita sha take ba ki. Ni tambayarsa nake yi."

Matan gari kuwa suna kallo suna raɗa. Me zai sa mutanen birni su taso takanas su ɗebi ruwanmu a kwalba, suna lallaɓa shi kamar turare, in ba wani abu mai daraja suka gani ba?

Ranar da awo ya fito, Barira ta ga abin da take tsoro. Abin feshin nan yana shigowa tafkin, ba ya samun hanyar fita. Rana ta shanye ruwa ta bar shi, kamar miyar da aka manta a kan wuta, ruwa ya ƙone gishiri ya tsaya. Ta kira ƙanwarta a waya, ta ce, "Saude, mun auna. Akwai magani a ruwan, da yawa ma. Ku kula da Inna, ina nan tafe."

To, ku ji inda aka yi kuskure. Manomi in zai yi feshi cewa yake zai sa magani. Mai shago maganin ƙwari yake sayarwa. Barira da abokan aikinta bakinsu ya saba, magani kawai suke cewa, ba ta kawo wani zai ji daban ba. Saude kuma, da ta kwana ta tashi tana jinyar uwa, wane magani ta sani in ba na warkewa ba? Ta ajiye waya ta yi guɗa. Kafin azahar labari ya gama gari, kafin ranar kasuwa ya ƙetara ƙauyuka. Masu jarkoki suka yi ta zuwa a kan babura. Hansai ta ce, "Ban gaya muku ba? Tun ina yarinya na san ruwan nan ba banza ba ne." Saude ta riƙa ɗebo mata sabo safe da yamma, daga can ƙuryar da Barira ta fi ɗiba, tana tallafe kanta tana cewa, "Ƙara kaɗan, Inna, daure."

Barira ba ta iso da wuri ba, ta tsaya neman manyanta su sa hannu a kai maganar gaban hukuma. Kafin ta taso, wata safiya Hansai ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, yawu yana dalala, numfashi yana sarƙewa.

A satin nan an yi irin ruwan nan mai fushi, ya yanke hanyar mota, ko babur ba ya wucewa. Hanya ɗaya ta rage zuwa asibitin gunduma, ta ruwa, ta tsohuwar mafitar da kachalla ta cinye, wadda an daɗe ba a ga jirgi ya bi ba. Maza suka ce ba ta biyuwa. Lawandi bai tsaya gardama ba. Ya shimfiɗa uwarsa a kwalekwale, Saude ta ɗora kanta a cinya. Da suka kai bakin ciyawar ya diro ruwa har ƙirji, ya ɗaura igiyar jirgin a ƙugunsa, ya ɗauki adda. Ya sara, ya ja. Ya sara, ya ja. Tun hantsi har rana ta karkata. Ciyawar ta yayyanka masa hannu da kafaɗa, tafin hannunsa ya saɓule, bai ko juyo ba.

Can Hansai ta buɗe ido. Sama take gani, da kan ciyawa, da bayan wani mutum duk jini da gumi. Ta daɗe tana kallon bayan nan, irin na ubansa sak. Sai ta ce, a hankali, "Lawandi. Huta."

Addar ta tsaya a sama. Ya share fuska da damtse, ya ce, "Ashe kin san sunan, Inna." Ya ci gaba da sara. Da la'asar suka ɓulla kogi, ya saɓe ta a baya ya haura da ita asibiti. Ma'aikatan suka ce da an ƙara jinkiri, da gawa ya kawo.

Likita ya duba, ya ga amai da zawo, ga damina, ya ce irin ciwon da ake fama da shi ne a bana, a sa mata ƙarin ruwa. Aka sa, numfashi bai daidaita ba. Ana cikin haka Barira ta shigo da jakarta a kafaɗa. Saude ta tare ta da kuka.

"Yaya, wallahi ban yi sakaci ba. Tun da kika ce da magani a ruwan nake ba ta, safe da yamma."

Barira ta dube ta, nan tsakiyar mutane. Ta ce, "Maganin ƙwari nake nufi, Saude. Guba." Saude ta ɗora hannu a ka.

Amma Barira ba ta zauna makoki ba. Ta wuce ta sami likita, ta gaya masa irin gubar da suka samu, da sunanta, da ƙarfinta. Ya koma ya buɗe idon tsohuwa, ya ga ƙwayar ta tsuke kamar tsinin allura. Nan take ya aika aka kawo allurar da ke karya wannan gubar. Kafin magariba ƙirjin Hansai ya lafa. Likitan da bakinsa ya ce, da ba a gaya masa ba, da ya yi ta maganin ciwon da babu shi har ta cika. Sannan ya ja musu kunne: jikin nan ba zai ƙara ɗaukar ko moɗa ɗaya ta ruwan tafkin ba.

Aka dawo gida, sai sabuwar wahala. Barira ta tsaya a ƙofar mai gari ta yi bayani, mutane suka yi mata ca. Wani ya ce, "Jiya magani, yau guba? So kuke ku kwashe ku kai birni ku sayar!" Ita kanta Hansai, da aka kawo mata ruwan leda, ta kau da kai. Ta ce in dai wannan ne, gara ƙishi ya kashe ta. Leɓenta ya bushe, ta fara ramewa a kwance.

Saude ta ɗaure zani. Ta ce bakin da ya kai labari shi zai je ya karɓo shi. Ta bi gari gida gida, duk inda ta yi guɗa ta koma ta durƙusa, ta ce, "Ni na jawo, ban ji daidai ba. Ba magani ba ne, guba ce, uwata ta kusa tafiya a hannuna." Inda aka yarda ta taya su tuntsurar da randa. Inda aka zage ta, ta haɗiye, gobe ta koma. Matan da suka ƙi jin Barira suka ji Saude, don sun san ba ta da kwalbar da za ta kai birni.

Kullum da sassafe kuma ta ɗauki tulu zuwa wata rijiyar makiyaya can kan tudu, tafiyar da sai rana ta ɗaga take dawowa, ga goyo a baya. Ta wanke tsohuwar randar uwar, ta turara ta, ta jefa saiwar jema a ciki don ruwan ya yi ƙamshin da tsohuwa ta saba. Hansai ta shinshina, ta kurɓa, ta ƙara. Ranar da ƙarfi ya ɗan dawo mata, ta lallaɓa da moɗa a ɓoye cikin zani za ta gangara tafki, sai ta iske Saude zaune a bakin ƙofa.

"Ina zuwa, Inna?"

"Iska zan sha."

"Da moɗa ake shan iska? Da hannuna na ba ki, da hannuna zan hana ki. Koma ki zauna."

Hansai ta ce, "Ja'ira, ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Amma ta koma. Haka aka yi ta yi har kaka, har kumatunta suka ciko.

Daga baya manoman shinkafa suka yarda aka haƙa musu ramin wanke tanki nesa da ƙorama. Maza suka bi sawun da Lawandi ya buɗe suka faɗaɗa mafitar. Aka kuma haƙa sabuwar rijiya a kan tudu kusa da gari, aka auna, ruwan ya fito lafiya.

To, a Kukar Masunta suna da al'ada. Ƙoƙon farko na sabuwar rijiya, tsohuwar da ta fi kowa shekaru ake ba, ita kuma ta miƙa wa mutum ɗaya, wanda ta ga ya fi cancanta, ya fara sha. Aka cika ƙoƙo aka sa a hannun Hansai, don ba wadda ta kai ta shekaru a garin. 'Ya'yanta uku suna durƙushe a gabanta, kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san abin da ke ransa.

Ta dubi Barira. Ba don ita ba, da ba wanda ya san abin da ke ruwan, da likita bai san allurar da zai ɗauko ba. Amma kalma ɗaya da ta faɗa ba ta auna ba, ita ta kusa kai uwarta kabari.

Ta dubi Lawandi, da tabon ciyawa har yanzu a hannunsa. Ba don shi ba, da a bakin murhu ta cika, ilimin Barira bai same ta da rai ba. Amma ta sani, tun kafin ciwo ya yi tsanani yana ganin matattun kifi suna tasowa, yana kwashewa yana binnewa shiru, don kada fataken kifi su ji su guje wa garin.

Ta dubi Saude, da gashin tsakiyar kanta ya zube saboda gammo. Ba don ita ba, da an dawo daga asibiti an koma tafki, ita da sauran gari, wahalar yayyenta ta tashi a banza. Amma hannun nan nata ne ya tallafe ta, tana cewa ƙara kaɗan.

Tsohuwa ta ɗaga ƙoƙon. Ruwa yana ɗiga ta gefensa, gari duka ana jira.

Kada wanda ya ce mini a ba su duka su kurɓa. Ko an yi haka, ai baki ɗaya ne zai fara taɓa ƙoƙon. Ku ajiye gyaɗar nan ku dube ni. Tsakanin wadda ta gano, da wanda ya ɗauka, da wadda ta tsare, wa Hansai za ta fara miƙa wa ruwan nan?