Tulu na Uku

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, ana ce masa Barau. Bawan Allah ne mai sana'ar man gyaɗa. Mata shida ke masa aiki: su soya, su niƙa, su matse da hannu. Al'adar garin kuwa, mai na mai gyaɗa ne, tunkuza ta masu aiki. Da ita suke ƙuli-ƙuli, man da ya fita wajen suya ma nasu ne. Da wannan suke riƙe gidajensu.

Sai wani maƙeri ya ƙera wa Barau matsin ƙarfe mai juyi. Gyaɗar da ke ba da tulu biyu ta koma ba da uku.

Ku saurara. Bai rage wa kowa komai ba. Mai nasa, tunkuza tasu, yadda aka gada.

Wata safiya Inna Tasalla, babbar matan, ta damƙo tunkuza ta zuba masa a tafin hannu.

"Malam Barau, murza ka ji."

Ya murza, ta watse kamar rairayi.

"Wannan ko akuya aka ba sai ta nemi ruwa," in ji ta. "Ƙarfenka ya shanye mana miya. Mu ke juya shi har kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, tulunka na uku kuma daga tukunyarmu ya fito."

"Inna, ai ban canza sharaɗi ba."

"Ban ce ka canza ba, ɗan nan. Cewa na yi ka murza."

A ranar Barau ya ce daga yau tulu na uku a raba shi biyu, rabi na masu juyi.

Labari ya kai kasuwa. Alhaji Jatau, wanda ya sayi irin ƙarfen nan har uku, ya tare shi a rumfa.

"Kai Barau, wa ya biya maƙeri, kai ko su? Ga nawa matan can sun fara gunaguni. Ka janye, ko mu cire ka daga sarin gyaɗa."

"Alhaji, ni na biya, shi ya sa na riƙe rabi. Amma ranar Juma'a ƙarfen yini yake a tsakar gida, ban taɓa ganin ya ɗiga mai shi kaɗai ba."

Suka cire shi. Ya koma sayen gyaɗa da tsada, mudu-mudu. Kada ku jira in ce ya yi arziki. Bai yi ba, bai kuma janye ba. A gidan ƙasa ya rasu. Amma cikin matan nan shida babu wadda murhunta ya mutu.

To jama'a, maganar a fili take. Ba sai ka karya alkawari kake zalunci ba; kana iya cika shi cif kana cin haƙƙin mutane. Kai mai gidan burodi da ka sayo injin kwaɓi, buhu biyar ya koma ashirin, su waye ke tsaye gaban wuta? Kai mai shagon ɗinki, kai ma da kai nake. In samu ya ƙaru, a ƙara wa wanda ya yi gumi. Allah zai tambaye ka, kuma "haka aka saba" ba amsa ba ce a can.