Bangon Zauren Gidan Alhaji Turki

Akwai wani mutum a Jidda, Abdulghani, da ya gaji tsohon gidan kakansa Alhaji Turki a wajen Bab Makka. Kakan da ƙafa ya zo daga Katsina, ya gina gidan, ya mayar da shi masaukin alhazan ƙasar Hausa.

Al'adar gidan ita ce duk alhajin da ya sauka sai ya rubuta sunansa da garinsu da tawada a bangon zaure. Shekara saba'in ana haka, har bango ya cika.

Shi kuwa Abdulghani, tunda ya tare a unguwar Safa ya samu mota, sai gidan ya koma masa abin kunya. Ya yanke shawarar mayar da zauren shagon atamfa.

Goggonsa Hindatu, 'yar autar Alhaji Turki, ta roƙe shi. "Ɗana, ko hoto ka ɗauka kafin a taɓa bangon nan. Mutane ne a jiki."

"Halas, shi ke nan, Goggo, duk sun mutu. Wa zai karanta?"

Yini ɗaya aka kankare bangon, aka shafe da siminti, aka yi farin fenti.

Bayan wata biyu wani likita ɗan Najeriya mai suna Musaddiq ya yi sallama. Ya ce kakansa ya taho hajji da ƙafa daga Gumel, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyar likitan tana goye kakan ya tafi ya bar su, yanzu ta haura tamanin tana kwance. Burinta kawai ta san ko babanta ya iso. An ce masa a bangon gidan nan zai gani.

Abdulghani ya kai shi zaure. Ya nuna masa bango, fari fat.

Suna tsaye mahaifiyar Musaddiq ta kira waya. "Musaddiq, ka ga sunan Baba?"

"Umma, ina gidan. Ga ma jikan mai gidan."

"Ba ni shi." Da muryarta mai rawa ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe amanar baƙin Allah. To, karanta min."

Abdulghani ya karɓi wayar, ya dubi farin bangon. Sai hawaye. Wallahi abin da tausayi.

Darasi: Abin da ka gada ba naka kaɗai ba ne, akwai masu haƙƙi a ciki da ba ka taɓa gani ba. Kafin ka rushe, saurari dattawan gidanku. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.