Laimar Kwaɗi a Gindin Kwando

Mama, yaran ajin Lahadi zan karanta wa wannan misali, amma ke na fara rubuta wa.

Akwai wani manomi wanda mahaifiyarsa ce kaɗai ta san naman kaza a gidansu. Idan ruwa ya sauka, sai ta tsinko na ci a kan shuri, ta bar ƙananan nan masu ruwan ƙasa da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace. A idonsa kuwa duk ɗaya suke. Sai ta rasu da rani.

Da damina ta kama, ya dawo daga gona wata rana, ya tarar 'yarsa Tabita tana lasar kwanon miyar naman kaza. A gindin kwando kuma ga laimar kwaɗi, 'yan sirara, ƙarƙashinsu baƙi. Ya taɓa ɗaya, ta marmashe a hannunsa. Ya juya wurin matarsa, fartanya a hannu.

Ya ce, “Maman Tabita, kin kashe mini yarinya! Wa ya ce ki tsinko? Wadda ta san su tana kabari!”

Matar ta ce, “Haba Baban Tabita, ajiye fartanyar tukuna. Waɗannan na zubarwa ne, na ware su. Kana tsammani duk fitar da nake yi da Mama rakiya ce kawai? Ita ta ce mini, ‘Kada ki tambayi launi, 'yata. Ki tambayi inda ya tsiro, ki ja ki ga saiwa. Wanda ya karye tun ba ki matsa ba, bar wa kwaɗi kayansa. In kina shakka, ki zubar.’”

Mutumin ya zauna a kan turmi, ya ɗora yarinyar a cinya, yana kallonta. Ita kuwa ƙarin tuwo take nema. Ya yi dariya har hawaye suka zubo.

Ma'anar wannan misali ita ce, yara, abin da mai tsoron Allah ya shuka ba a binne shi tare da shi. Muna kuka muna cewa babu sauran mai nuna mana abin ci da abin zubarwa, alhali kuwa Ubangiji ya riga ya ajiye wannan sani a hannun wani cikin gidanmu. Ku saurari manyanku tun suna nan, ku kuma duba wanda ya saurare su.

Mama, tun da muka dawo daga jana'izarki, jiya ne na fara cin miya har na nemi ƙari. Ɗanɗanon hannunki na ji. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.