Ranar da Tunau Ya Taka Garwashin Maƙera

Tun zamanin da giwa ke kiwo a inda yau ake noman dawa, an yi wani maharbi mai suna Tunau, wanda fari ya koro daga arewa da mutum arba'in a bayansa. Kwana goma sha tara suna tafe, har suka iso gindin wani dutse, inda maƙera ke narka tama kusa da marmaro. Yara sun rame, tsofaffi ba sauran ƙafa. Tunau ya sani sarai, in aka kore su daga nan, rabinsu a hanya za a binne.

Jatau, sarkin maƙeran, ya ba su ruwa, sannan ya ce, "Baƙo, ruwan kwana bakwai kyauta ne. Zama kuwa, sai shugabanku ya taka garwashin ƙirya, taku goma sha biyu, ba takalmi. In wuta ta karɓe shi, mun karɓe ku."

Tunau mijin Kyauta, mai kwana a reshe, sa giwa ja da baya! Sai dai wuta ba ta san kirari ba. Ya sha layu, ya zaga bayan dutse ya gwada da ɗan garwashi. Da yake maharbi ne, abin da ya iya shi ya yi: sanɗa a kan yatsu, sannu sannu. Ya dawo ƙafa duk bororo, da tsoron da bai taɓa ji a gaban zaki ba.

Gwamma, tsohuwar da ta haifi Jatau, ta gan shi yana ɗingishi, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗan nan, wuta barewa ce da za ka yi mata sanɗa? Mai lallaɓa ta shi take ci."

Ta ɗora masa ƙwarya cike da ruwa a ka, ta ce ya bi sahun mata daga marmaro zuwa gida, kada ɗigo ya zuba. Kwana biyar gagarau yana ɗiban ruwa, mata na rangaɗa masa guɗar tsiya. Ya haɗiye kunya, don mai nema ba ya fushi. A haka ƙafarsa ta koyi sauka da tafi gaba ɗaya, ido a gaba, ba gudu, ba tsayawa.

Rana ta bakwai da hantsi aka baje garwashi, zafinsa na korar mutane baya. Mutanen Tunau sun riga sun ɗaure kayansu. Ya fito da ƙwaryarsa a ka, Kyauta matarsa ta rufe ido. Ya taka. Hankalinsa duk yana kan ruwan, har ya manta da ƙirga, sai jin ƙasa mai sanyi ya yi a ƙafarsa. Aka duba tafin, toka ce kawai.

Kyauta ta fashe da kukan daɗi, tsofaffi suka shiga kwance kaya. Shi kuwa gogan sai ya zauna daɓas, ruwan ya kife. An ce a nan ruwa ya ɓuɓɓugo, aka gina rijiya.

Gwamma ta dafa kansa ta ce, "To, yau ka iya tafiya."

Har yau a Tungar Tunau, ƙauyen da suka kafa a wurin, bayan girbi, maza kan taka garwashi da ƙwarya a ka. Kuma komai jarumtar namiji, ba a barinsa ya kusanci wutar sai ya yi kwana biyar yana bin mata rijiya.